Taliya da Sukari: Abubuwan Mamaki Daga Tukwanen Dare na Khartum da Omdurman

Bakano in ya ji an ce taliya, mai da yaji ne ke faɗo masa a rai, ko dafa-duka, ko ta da miyar tumatir. A Omdurman sukari ake zuba mata. Siririyar taliyar nan da suke kira sha'iriyya, a bushe ake fara soya ta cikin mai ko man shanu har ta yi ja, sannan a zuba ruwan zafi daidai wanda za ta shanye, a kawo sukari ba na wasa ba, a rufe tukunya. Kafin maigida ya dawo daga sallar isha'i ta nuna. Wasu su watsa zabibi, wasu kwakwa, wasu su kwarara mata madara su ba yara su kwanta. Tana da ƙanwa mai suna suksukaniyya, 'yan ƙwayoyi ƙanana, ita ma hanyar dahuwarsu ɗaya. Kai, har makaroni mai rami akwai gidajen da ke dafa shi da mai da sukari, ba tumatir ba albasa.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne ba a ajiye mai zaƙin sai an gama cin mai gishiri. A kan babban faranti ɗaya, wanda suke ce wa siniyya, ake jero komai lokaci guda: wake, soyayyen ƙwai, cuku, kifi, burodi, ga kwanon sha'iriyya a gefe. Mutum ya kai loma nan, ya kai can. Ba wanda zai ɗaga ido ya dube shi.

Kuma taliyar mai zaƙi ba abincin ƙwalama ba ce kawai, tana da kujera a biki. Cikin garar karin kumallo da uwar amarya ke aika wa dangin ango, wadda ake kira fatur al-aris, tare da tuwon asida da miyar tagaliyya da su fanke, da wuya a rasa sha'iriyya da suksukaniyya. Wanda ya san yadda 'yan Sudan ke shan shayi ba zai yi mamaki sosai ba. Ƙasar ce ke da kamfanin sukari na Kenana kusa da Rabak a gaɓar Farin Nilu, wanda aka kafa a 1975, ɗaya daga cikin manyan gonakin rake masu haɗe da masana'anta a duniya, ban da na Guneid da Sabuwar Halfa da Sennar da Assalaya. Duk da haka sukarin gida ba ya isarsu, sai an shigo da ƙari.

Daren aiki daga Lahadi yake farawa

Mako a Sudan ba irin namu ba ne. Juma'a da Asabar ake hutu. Da Juma'a ce kaɗai, sai a 2008 gwamnati ta ƙara Asabar. Saboda haka ranar da ma'aikacin Kaduna ke miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo, takwaransa na Khartum ya riga ya koma ofis. Daren da ake sakin jiki, a yi girki mai cin lokaci ko a fita yawo bakin Nilu, daren Alhamis ne.

Lokutan cin abincin ma daban suke. Da asuba shayi da madara ne da ɗan biskit. Karin kumallo na gaske, fatur, sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya na hantsi, har ofisoshi kan tsaya cak saboda shi. Babban abinci, gada, yana zuwa bayan an taso aiki, tsakanin la'asar da magariba. Abin da ya rage wa dare, asha, ɗan abu ne mara nauyi da ake ci bayan isha'i, wani lokaci ma dare ya yi nisa. Nan taliya ta samu gurbi. Ba ta ture tuwo daga mazauninsa ba, ta dai zauna inda tuwo bai damu da zama ba.

Agogon kansa ya taɓa yin ƙaura. A watan Janairun 2000 gwamnatin Umar al-Bashir ta tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya, wai don mutane su riƙa sammakon aiki, lokacin Khartum ya koma daidai da na Makka. 'Yan makaranta suka riƙa fita cikin duhu a lokacin sanyi. Sai ranar 1 ga Nuwamban 2017 aka mayar da agogo inda rana ta ajiye shi. Yanzu awa ɗaya tak Khartum ta fi Kano.

Sai maganar gada, ba ta abinci ba, ta tsallake ruwa. Babban birnin gari uku ne da kogi ya raba: Khartum, Omdurman da Bahri, a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu a Mugran. Kafin yaƙin 2023, ɗimbin mutane na kwana a Omdurman suna aiki a Khartum, kuma duk sai sun bi ta 'yan gadoji ƙalilan, har da tsohuwar gadar ƙarfe da Turawan Ingila suka gina a shekarun 1920. Matar da ta taso aiki ta tsaya jiran bas a cikin zafin watan Mayu, wanda ke haura digiri 40, ta ƙare a cunkoson bakin gada, ba sai an yi mata wa'azin amfanin abinci mai saurin nuna ba.

Ga lissafin da ke kanta. Kisra, wainar dawar nan mai shara-shara da ake ci da miya, sai an kwaɓa ƙullinta ya kwana ya yi tsami, sannan a zauna gaban farantin ƙarfe mai zafi ana shafa ta ɗaya bayan ɗaya da ɗan tsinken kaba da ake kira gargariba. Ful, waken nan mai faɗi, kwana yake a kan wuta cikin wata tukunya mai ƙaton ciki da siririn wuya. Makaroni minti goma. Sha'iriyya ba ta ma kai haka.

Sai dai kada a ɗauka taliya ce sarauniyar dare. Akwai bosh. Yaro ya ɗauki kwano ya je kantin bakin layi, a gutsuttsura burodi a ciki, a kwarara ruwan dahuwar ful, a zuba man riɗi, albasa, tumatir, ɗan cuku, in da hali a marmasa ƙosan ta'amiyya a kai. Samari biyar su kewaye kwano ɗaya. Ba hura wuta, ba wanke tukunya. A wajen sauri da araha, ni a ganina, ba taliyar da ta kama ƙafarsa.

Yadda ake yin mai gishirin

Babu wani sirri. A soya albasa har ta yi laushi, a sa tafarnuwa, a matse tumatirin gwangwani, wanda su salsa suke ce masa, a zuba kasbara da shamar da masoro, a sa niƙaƙƙen nama in akwai, in babu a buɗe gwangwanin kifi. Mai dabara ma ba ta sake wata miya: ragowar dam'a ta rana, miyar albasa da nama mai kauri, ita za ta ɗumama ta juye a kan makaroni. A gefe ga shatta, dakakken barkono da lemon tsami da gishiri, wani lokaci da tunkuzar gyaɗa da suke kira dakwa.

Cukun da ake marmasawa a kai fari ne, mai gishiri, ana ajiye shi cikin ruwan gishiri. Garin Duwem da ke gaɓar Farin Nilu, kudu da Khartum, shi ya yi suna da shi, kuma ana danganta fara sana'ar da Girkawan da suka zauna can. Akwai wani cukun da ake yi wa kitso, mudaffara, da ɗigo-ɗigon habbatussauda a jikinsa.

Man riɗin da ake yaryaɗawa kuwa, mafi daraja shi ne wanda raƙumi ya matse. Ana ɗaure wa raƙumi ido, a ɗaura masa wani dogon itace da ke juya taɓarya cikin ƙaton turmi, ya yi ta zagaye har mai ya fito. Asara ake kiran wurin. Riɗin da yawa daga Gadarif yake zuwa.

Mutumin Italiya da zai ga yadda ake barin taliya a wuta har ta yi luguf, ransa zai ɓaci, don su da ɗan tauri suke son ta. Amma wanda zai ci da hannu daga faranti ɗaya da mutum shida, wani lokaci ma ya dangwalo ta da burodi, yana da hujjarsa. E, taliya da burodi. Alkama a kan alkama.

Makarona bil bashamel, wadda ake jera makaroni da nama a rufe da farin kunun madara da fulawa a gasa, ba ta cikin lissafin daren aiki. Ta Juma'a ce, ko ta baƙi, ko ta buɗa-baki. Gidan da ba shi da abin gashi kan tura yaro da farantin zuwa gidan burodin unguwa a gasa masa.

Ta ƙofa nawa ta shigo?

Ta ƙofar arewa dai da farko. Sudan ta zauna ƙarƙashin mulkin Turkawa da Misirawa daga 1821 zuwa 1885, sannan mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar daga 1899 zuwa 1956, kuma girkin biranen Nilu ya kwashi abubuwa da yawa daga Alƙahira. Bashamel ɗin nan irin ta Masar ce. Haka koshari, abincin da ya tara shinkafa da adas da makaroni da sha'iriyya da soyayyar albasa a kwano ɗaya.

Girkawa ma sun yi zamaninsu. Dubbansu sun zauna a Khartum suna riƙe da kantunan kayan abinci, gidajen burodi da otal-otal. Otal ɗin Acropole, wanda wani Bagirke mai suna Panagiotis Pagoulatos ya buɗe a 1952, ya ci gaba a hannun iyalinsa har yaƙin 2023 ya rufe shi. Lemon kwalbar nan Pasgianos da 'yan Khartum ke ji da shi, sunan wani Bagirke yake ɗauke da shi.

Ƙofar gabas ta fi ban sha'awa. Italiya ta mulki Eritiriya daga 1890 zuwa 1941, har ta tsallako ta riƙe garin Kassala na Sudan sau biyu: daga 1894 zuwa 1897, sannan daga Yulin 1940 zuwa Janairun 1941. Sojan ya tafi, tukunyarsa ta zauna a Asmara. Da yaƙe-yaƙe suka koro 'yan Eritiriya da Habasha zuwa Khartum, suka cika unguwanni irin su Deim da Jiref, sai ga gidajen abincinsu na sayar da taliya da miyar barkonon berbere a gefen injera. Taliyar Italiya ce, amma Baitaliye ba zai iya cinye ta ba sai da ruwa a kusa.

Daga yamma maso arewa akwai Libiya, wadda ita ma Italiya ta mulka. Ɗaya daga cikin manyan kasuwannin sari na Omdurman sunanta Suk Libiya. Mutanen Libiya na da mbakbaka, taliyar da ake kakkaryawa a dafa cikin miyarta a tukunya ɗaya, wato dafa-dukarsu, abincin direbobin hamada da 'yan ci-rani. Mutanen Agadas da Maraɗi sun san irin wannan hanya, don makaroninsu da yawa daga Aljeriya take gangarowa. Na baya-bayan nan su ne 'yan Siriya, waɗanda bayan 2011 suka samu Sudan cikin ƙasashe ƙalilan da ba sa neman biza a wurinsu, suka buɗe gidajen abinci a unguwar Riyad da titin Sittin.

Tunda an zo nan, bari a kashe wata tatsuniya. Ba Marco Polo ne ya kai wa Italiya taliya daga Sin ba. Shi a 1295 ya koma Benis, alhali wata takardar gado da aka rubuta a Jenowa a 1279 ta riga ta lissafa kwandon makaroni cikin kayan mamaci. Kafin wannan ma, a 1154, masanin taswira al-Idrisi ya ba da labarin garin Trabia a tsibirin Sisili, inda ake yin busasshiyar taliya ana lodinta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. A yau ƙasar da ke bin Italiya a yawan cin taliya ga kowane mutum a Afirka take: Tunisiya, wajen kilo 17 a shekara, Italiya kuwa wajen 23.

Indomie ta iso Nilu

Ita ma tana nan, kuma kafin yaƙin a cikin Sudan ɗin ake yin ta, ƙarƙashin wani kamfanin haɗin gwiwa da masu ita na Indunisiya. Asalin dabarar soya taliya a busar don ta nuna cikin minti uku ta wani mutumin Japan ce, Momofuku Ando, a 1958. A Khartum yara da ɗalibai ne manyan masu cinikinta. Kafin yaƙin, cikinsu har da namu: Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ta faro a matsayin cibiyar Musulunci a 1977 ta zama jami'a a 1992, ta tara ɗaliban Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram masu yawa. Ɗalibin da bakinsa bai saba da tsamin kisra ba, Indomie da ƙwai da yajin da aka ƙullo masa daga gida su ne suka riƙe shi har ya saba. In kewar gida ta yi yawa, sai a nemi mai agashe, gasasshen naman nan da ƙuli da yaji wanda Hausawan Sudan suka koya wa ƙasar baki ɗaya. Su waɗannan Hausawa ba baƙin jiya ba ne: jikokin mahajjata ne da na mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa Mai Wurno kusa da Sennar.

Minti goman da ke zuwa daga Rasha

Ga inda abin ya daina zama na dariya. Sudan ƙasar dawa da gero ce. Alkama sai da sanyi take yi, a gonakin Jazira da Sabuwar Halfa da can arewa bakin Nilu, kuma ba ta isa. A yawancin shekaru fiye da kashi uku cikin huɗu na alkamar da ake ci shigo da ita ake yi, a shekarun gab da yaƙi mafi yawa daga Rasha. Kafin yaƙin, jirgin ruwa ya sauke ta a Port Sudan, a yi tafiyar wajen kilomita 800 da ita zuwa babban birni, a niƙa a Bahri, inda manyan kamfanonin fulawa uku suke: Sayga, Wheata da Seen. Sayga, na rukunin DAL, ya fara aiki a 1996, kuma shi ke yin taliyar Nobo da ta cika kantuna. A farkon shekarun 1990 gwamnati ta yi ta kirarin cewa ƙasa za ta ci abin da ta noma, aka faɗaɗa noman alkama a Jazira. Bakin birni ya fi gona sauri.

Ashe saurin tukunyar aro ne. Yana buƙatar dala a babban banki, jirgi a teku, man mota, wutar inji, da tukunyar gas a kicin. Ɗaya ya kuskure, minti goma ya zama layin awa uku. Kuma alkama ta taɓa cin gwamnati a Sudan har sau biyu. A ƙarshen Maris ɗin 1985 tashin farashin burodi da mai ya fito da mutane kan titi, ranar 6 ga Afrilu soja suka kifar da Ja'afar Numeiri yana ƙasar waje. Ranar 19 ga Disamban 2018, bayan burodin fam ɗaya ya koma fam uku, mutanen Atbara suka cinna wa ofishin jam'iyya mai mulki wuta. Ranar 11 ga Afrilun 2019 mulkin al-Bashir na shekara talatin ya ƙare.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya tsinke sarƙar gaba ɗaya. Aka wawashe unguwar masana'antu ta Bahri, wasu wuraren aka ƙone, injinan niƙa suka tsaya. Gadar Shambat da ke haɗa Omdurman da Bahri ta karye a Nuwamban shekarar. Gas ya ɓace, aka koma gawayi da itace. Ɗalibanmu aka kwashe su a motocin bas zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin jiragen farko su sauke su Abuja a farkon Mayu.

Waɗanda suka rage, takaya ce ta ciyar da su, wato girkin taron unguwa, al'adar da ta samo tushe daga zawiyoyin shehunan ɗariƙa inda ba a tambayar mai yunwa daga ina yake. Matasa 'yan sa-kai na ɗakunan agajin gaggawa suka riƙa girka manyan tukwane, 'yan'uwa na ƙetare na turo kuɗi ta manhajar Bankak. A 2025 aka ba waɗannan matasa lambar yabo ta Rafto da ta Right Livelihood. Abin lura, a tukunyar takaya adas da ful da shinkafa ne suka fi yawa. Dalilin a fili yake ga duk wadda ta taɓa girkin biki: miyar adas in layi ya ƙaru ana ƙara mata ruwa ta kai, tana kuma jure jira. Taliya na shan ruwan da ba a samu da sauƙi ba, in ta daɗe a babbar tukunya ta cuɗe ta zama ƙullu.

Soja sun karɓe Khartum a Maris ɗin 2025, mutane sun fara komawa gidajen da da yawansu ba ƙofa ba wayar lantarki. Wasu dubban ɗaruruwa kuwa suna Masar. A unguwar Faisal ta Giza 'yan Sudan sun buɗe kantunan busasshiyar kuɓewa da dakwa da garin dawa, da rumfunan agashe, ƙofa da ƙofa da masu sayar da koshari.